Kalacin hantsi a gidan burodin Faransa: lokacin zuwa, abin zaɓa da abin tambaya

Wata baiwar Allah mai sana'ar kek da kayan fulawa a Kano ta aiko da tambaya. Ta ce za ta raka maigidanta birnin Paris na 'yan kwanaki, kuma ta daɗe tana ganin hotunan mutane zaune gaban farantai cike da burodi, ƙwai, kofi da kayan zaƙi a gidajen burodin Faransa, wato irin kalacin nan na hantsi da ke haɗe karin kumallo da abincin rana, wanda ake rubuta brunch a allunan shaguna. Tana so ta san yadda ake yinsa, abin da ya kamata ta zaɓa, abin da za ta kauce wa a matsayinta na Musulma, da kuma abin da za ta iya koyowa domin sana'arta.

Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Abin da zan fara gaya miki shi ne cewa abubuwa biyu ne kika haɗa a tambayarki, kuma asalinsu daban ne. Gidan burodin Faransa shagon mai sana'a ne, inda ake shiga a saya a fita, kuma yawancinsu ba su da wurin zama, in ma akwai to bai wuce ƙananan tebura biyu ko uku a jikin taga ba. Shi kuwa kalacin hantsi baƙo ne a Faransa. A Ingila aka fara maganarsa a ƙarshen ƙarni na 19, Amurka ta ɗauke shi ta raya shi, kuma sai a 'yan shekarun baya-bayan nan ya zauna da gindinsa a Paris, musamman a ranar Lahadi, a tsakanin matasa da baƙi. Bafaranshen da ya tashi a gidan gargajiya ba ya cin ƙwai da nama da safe. Karin kumallonsa burodi ne da aka tsaga aka shafa masa bota da jam, sai kofi ko madara da cakulan, sannan ya jira abincin rana wanda ake ci tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2. Saboda haka idan kika shiga gidan burodin unguwa da ƙarfe 11 kina neman babban faranti irin na hotuna, mai yiwuwa ne ba za ki samu ba, kuma a ganina ba ki yi asarar komai ba, domin abin da ya sa gidan burodin ya cancanci a taka a je shi ne abin da ke fitowa daga obansa, kuma wannan da sassafe yake kan ganiyarsa.

Kafin ki shiga, ki ɗaga kai ki karanta allon da ke saman ƙofa, domin a Faransa wannan allo yana da doka a bayansa. Tun daga dokar 25 ga Mayu 1998, ba wanda ke da ikon rubuta boulangerie a shagonsa ko ya kira kansa boulanger sai wanda yake kwaɓa fulawarsa, ya bar kwaɓin ya tashi, ya sarrafa shi, ya gasa shi a wurin da yake sayarwa, kuma ba tare da ya daskarar da shi a firiza a kowane mataki ba. Shagon da ake kawo masa burodi daga masana'anta ya ɗumama ya sayar dole ne ya nemi wani suna. Sai dai akwai wata kafa a cikin dokar wadda mai sana'a kamarki ya kamata ta sani: burodi kaɗai ta shafa. Kayan fulawar safe, irin su kurwasan (croissant, ɗan burodin bota mai ɓawo-ɓawo), ba su shiga cikinta ba, don haka mutum zai iya zama mai gidan burodi na halak a idon doka, burodinsa aikin hannunsa ne, amma kurwasan ɗinsa daskararre ne daga kamfani. Wannan ya yawaita ƙwarai, kuma shi ya sa ƙungiyar masu gidajen burodi ta ƙasar ta fito da tambarin Boulanger de France a 2020 domin waɗanda ke yin waɗannan kayayyaki da kansu. Wasu kuma sukan rubuta fait maison, wato aikin gida, a jikin gilashi. Idan ba ki ga ko ɗaya ba, babu laifi ki tambaya, kuma wanda ke yi da hannunsa zai amsa miki da farin ciki.

A cikin shagon za ki ga kaya iri uku, kowanne da gefensa. Burodi yana bayan mai sayarwa, a tsaye a cikin kwanduna ko a jere a kan katako. Kayan zaƙi masu kirim, waɗanda ake kira pâtisserie, suna cikin gilashi mai sanyi. Tsakaninsu kuma akwai kayan safe da ake kira viennoiserie, waɗanda aka yi da kwaɓi mai yis da bota da ɗan sukari, kuma su ne zuciyar abin da kike nema. Asalin sunansu daga Biyana ne, babban birnin Ostiriya. Wani mutumin can mai suna August Zang ya buɗe gidan burodi a lamba 92, titin Richelieu a Paris, a ƙarshen shekarun 1830, yana sayar da burodin garinsu mai siffar jinjirin wata, mutanen Paris suka so shi, masu gidajen burodi suka kwaikwaya. Amma kurwasan mai ɓawo-ɓawo da aka sani yau, wanda ake ninka bota a cikin kwaɓinsa, Faransawa ne suka ƙirƙiro shi, kuma sai a farkon ƙarni na 20 aka fara ganin yadda ake haɗa shi a rubuce. Labarin da za ki ji wajen masu yi wa baƙi jagora, cewa an ƙirƙiro shi ne domin murnar korar dakarun Usmaniyya daga Biyana a 1683, ko cewa sarauniya Marie-Antoinette ce ta kawo shi Faransa, labari ne da masana tarihin abinci ba su sami hujjarsa ba.

Zan daɗe a kan kurwasan, domin da shi ake auna gidan burodi, kuma a nan ne idonki na mai sana'a zai yi miki amfani. Ana fara kwaɓa fulawa da ruwa ko madara, yis, gishiri, sukari da bota kaɗan, a sanya kwaɓin a firji ya kwana. Washegari a shimfiɗa shi, a ɗora masa bota da aka daka ta zama faifai mai kusurwa huɗu, nauyinta kusan rabin nauyin fulawar, a rufe ta da kwaɓin, a murje, a ninka gida uku, a mayar firji ya huta, a sake murjewa a ninka. Idan an yi wannan ninki sau uku, bota za ta zama shimfiɗa 27 a tsakanin siraran shimfiɗun kwaɓi, ko da yake masu sana'a da yawa a yau sun fi son ninki biyu kawai, ɗaya gida huɗu ɗaya gida uku, wanda ke ba da shimfiɗa 12 masu fitowa fili a ido. A cikin oban, ruwan da ke cikin bota da kwaɓi yana zama tururi ya ɗaga kowace shimfiɗa daga 'yar'uwarta, man kuma ya soya su daga ciki. Duk sirrin yana ga zafi da sanyi. Dole ne bota da kwaɓi su kasance da taushi ɗaya lokacin murji. Idan botar ta yi tauri za ta kakkarye a ciki, idan ta yi laushi za ta shige cikin kwaɓin, a wayi gari an sami burodi mai maiƙo kawai. Shi ya sa ake amfani da bota ta musamman mai kashi 84 cikin ɗari na mai, maimakon ta yau da kullum mai kashi 82, kuma shi ya sa ba a barin zafin wurin da kurwasan ke tashi ya wuce digiri 27 ko 28.

Ga yadda za ki gane na kirki. Launinsa ya kamata ya zama ja-ja mai duhu, ba fari-fari ba, domin ɗanɗano yana cikin gashin da ya kai. Idan kika ɗaga shi za ki ji shi sakayau fiye da yadda girmansa ya nuna. Idan kika gutsura, ɓawon zai farfashe ya zubo miki a jiki, cikinsa kuma za ki ga ramuka manya da ƙanana, da bango siriri mai ɗan sheƙi a tsakaninsu. Ƙamshin ya zama na madara da bota, kuma bayan kin haɗiye kada ki ji wani maiƙo ya manne miki a dasashi, domin wannan alama ce ta majarin. A al'adar shagunan Faransa, miƙaƙƙen kurwasan shi ne na bota zalla, wanda ake kira croissant au beurre, lanƙwasasshe kuma shi ne ordinaire, wanda galibi da majarin ake yinsa. Wannan al'ada ce ba doka ba, amma tana aiki a mafi yawan wurare. Ki nemi na bota, bambancin kuɗin 'yan santim ne, wato ƙananan kuɗin yuro. Wata alamar kuma ita ce kamanni: idan kurwasan ɗin da ke kan tire duk sun zama iri ɗaya sak, babu wanda ya ɗara wani tsawo ko duhu, to akwai yiwuwar inji ne ya yi su.

Lokaci kuwa shi ne abin da baƙi suka fi yin sake da shi. Masu gashi suna fara aiki tun wajen ƙarfe 3 ko 4 na asuba, ana buɗe shago wajen ƙarfe 7, kuma kurwasan kamar waina yake, yana da sa'o'insa. Daga fitowarsa zuwa awa uku ko huɗu yana kan ganiyarsa, bayan haka ɓawon zai fara shan danshi ya yi laushi. Wanda ya zo ƙarfe 11 da rabi domin kalacin hantsi, sau da yawa abin da aka gasa tun ƙarfe 6 zai ci, sai dai idan shagon yana da cinikin da ke sa a yi gashi na biyu. Don haka shawarata ita ce ki fita bayan kin idar da sallar asuba kin ɗan huta, ki isa tsakanin ƙarfe 7 da rabi da ƙarfe 9. Ki lura kuma cewa yawancin gidajen burodin unguwa suna rufewa rana ɗaya a mako, da yawansu ranar Litinin, kuma a watan Agusta wasu sukan rufe na makonni su tafi hutu.

Da kwaɓin kurwasan ake yin pain au chocolat, mai kusurwa huɗu da sandunan cakulan biyu a ciki, wanda mutanen kudu maso yamma, wajen Bordeaux da Toulouse, ke kira chocolatine kuma ba sa yarda a kira shi da wani suna. Da shi ake yin pain aux raisins, mai naɗi kamar dodon koɗi, da kirim da zabibi. Akwai chausson aux pommes, wanda aka cika da dafaffiyar tuffa, akwai kuma brioche, burodi mai laushi da ƙwai da bota da yawa, wanda yara ke so. Idan kika ga kouign-amann, kada ki wuce shi. Daga garin Douarnenez yake a yankin Bretagne, kwaɓin burodi ne da aka ninka da bota mai gishiri da sukari, sukarin ya narke ya ƙone a ƙasansa ya zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Yana da nauyi, guda ɗaya ya ishi mutum biyu.

Amma ina roƙonki kada kayan zaƙi su ɗauke miki hankali daga burodin kansa, domin shi ne sana'ar gidan ta asali. Dogon burodin nan da ake kira baget, wanda 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sani sarai tun zamanin mulkin Faransa, iri biyu ne a kowane shago. Akwai na yau da kullum, akwai kuma wanda ake kira tradition. Dokar 13 ga Satumba 1993 ce ta tsara na biyun: fulawar alkama, ruwa, gishiri da yis ko tsamin kwaɓi, ba sinadaran gyara kwaɓi, ba daskararwa. Ana barinsa ya tashi a hankali na sa'o'i masu yawa, shi ya sa cikinsa ke da launin madara da manyan ramuka, ɗanɗanonsa kuma na alkama ne sosai. Farashinsa a 'yan shekarun nan yana ɗan sama da yuro ɗaya. Mai sayarwa za ta iya tambayarki ko kina son wanda ya gasu sosai, bien cuite, ko wanda bai yi ja ba, pas trop cuite, ni dai na farkon nake zaɓa. A ranar 30 ga Nuwamba 2022, a taronta na Rabat a Maroko, hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yin baget da al'adarsa a jerin al'adun gado na duniya, kuma daga cikin dalilan da suka sa Faransawa suka nemi hakan akwai yadda shagunan ke raguwa, daga kimanin 55,000 a 1970 zuwa kimanin 35,000 a lokacin. Birnin Paris kuma yana shirya gasar baget tun 1994, wanda ya ci shi ke kai wa fadar shugaban ƙasa ta Élysée burodi na shekara guda. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya ci gasar sau biyu, a 2010 da 2015, Mahmoud M'seddi, ɗan asalin Tunisiya, ya ci a 2018. Na ambaci wannan ne domin ki san cewa a bayan obanan Paris akwai hannayen 'yan Afirka da Musulmi da yawa, kuma ba za ki zama baƙuwar ido a waɗannan shaguna ba.

Yanzu ga maganar halal, wadda ita ce ta fi komai muhimmanci a tambayarki. Burodi zalla, kurwasan na bota, pain au chocolat da brioche ba su da nama, kuma a yadda aka saba haɗa su ba a sa musu giya. Matsalar tana farawa ne daga ɓangaren kayan gishiri. Sanwicin da Faransawa suka fi ci, jambon-beurre, naman alade ne da bota. Croque-monsieur, burodin da aka gasa da cuku, akwai naman alade a tsakiyarsa, haka ma croque-madame wanda aka ɗora wa ƙwai. Quiche lorraine, gashin ƙwai da kirim mai gishiri a kan ɓawon fulawa, tana ɗauke da ƙananan yankan naman alade da ake kira lardons, kuma waɗannan yankan sukan ɓuya a cikin salak da wasu burodin cuku da ba za ki zata ba. Ki haddace kalmomin porc, jambon, lardons da saindoux, wannan na ƙarshe kitsen alade ne. Kaza da naman sa ma ba yankan Musulunci ba ne sai inda aka rubuta halal, don haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki tsaya a kan kifi, ƙwai, cuku da ganye. Kusan kowane shago yana da sanwicin tuna da kayan lambu, da quiche ta kifin salmon da alayyafo ko ta albasa mai lawashi, amma ko ita ki tambaya, domin wasu sukan barbaɗa lardons a ciki.

A gefen kayan zaƙi kuwa abubuwa biyu ne abin lura, giya da jelatin, wato sinadarin da ke sa kirim ya tsaya. Kek ɗin baba au rhum, wanda shagon Stohrer na titin Montorgueil ya yi suna da shi, shagon da aka buɗe a 1730 kuma ake ɗaukarsa mafi daɗewa a Paris, ana jiƙa shi da ruwan sukari mai giyar rum ne bayan an gama gashi, saboda haka babu wata wuta da ta taɓa giyar. Ɗan kek ɗin canelé na Bordeaux akwai rum a cikin kwaɓinsa. Kurwasan mai almon, wanda baƙi ke rububi, kurwasan ɗin jiya ne da aka tsoma a ruwan sukari, aka cika da kirim ɗin almon aka sake gasawa, kuma sau da yawa akwai rum a ruwan sukarin ko a kirim ɗin. Zabibin pain aux raisins ma wasu sukan jiƙa shi a rum. Kek ɗin fraisier da na forêt-noire sukan zo da giyar kirsch. Masu shago za su iya ce miki giyar ta ƙone a wuta, amma gaskiyar magana ita ce gashi yana rage ta ne, ba lallai ya kawar da ita duka ba, hukuncin abin da ya rage kuma na malamai ne, ni iyakata in gaya miki abin da ke ciki. Jelatin kuwa, wanda a Turai galibinsa daga fatar alade ake samo shi, yana cikin kek masu kumfa da sheƙi, waɗanda suka fi kyau a hoto. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa mai shago ya bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su ƙwai, madara da gyaɗa, amma alade da giya ba sa cikin jerin, don haka takardar da ke manne a bango ba za ta amsa miki ba. Tambayar da za ki riƙe ita ce: «Est-ce qu'il y a de l'alcool, du porc ou de la gélatine ?», wato ko akwai giya, alade ko jelatin a ciki. Ki rubuta ta a waya ki nuna idan furucin ya yi miki wuya. Masu sayarwa a Paris suna jin wannan tambaya kullum, kuma idan ba su sani ba za su leƙa ciki su tambayi mai gashi. A unguwannin Barbès, Goutte d'Or da Belleville kuma akwai gidajen burodi na 'yan arewacin Afirka da ba sa sayar da alade sam, sannan Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana da wurin shan shayin na'a-na'a da kayan zaƙin arewacin Afirka.

Daga cikin abin da ke gilashi mai sanyi, waɗanda zan nuna miki su ne masu sauƙin haɗi, domin a kansu ne gwaninta ke bayyana. Flan, wanda madara ce da ƙwai da sukari da banila a kan siririn ɓawo, ba ya ɓoye aibi: ko dai madarar kirki da banilar gaske aka sa, ko kuwa garin kwali. Éclair, dogon kek da aka cika da kirim mai cakulan ko kofi, tarte au citron mai lemon tsami, da mille-feuille, kirim a tsakanin siraran ɓawo, wanda dole ne a ci shi a ranar da aka haɗa shi kafin kirim ya jiƙa ɓawon. Sai Paris-Brest, mai siffar tayar keke, wanda Louis Durand ya ƙirƙiro a 1910 a garin Maisons-Laffitte domin tseren keke da ake yi daga Paris zuwa Brest a dawo. Su ma ki yi musu tambayar nan, domin wasu masu sana'ar zamani suna ƙara jelatin a kirim domin ya tsaya. Waɗannan kuwa a wurin Faransawa ba kayan safe ba ne. Ana cinsu bayan abincin rana, ko da ƙarfe 4 na yamma lokacin da yara suka taso daga makaranta, ko kuma a saya ranar Lahadi a kai gidan iyaye a cikin kwali mai ɗaurin zare.

To idan duk da haka kina son ki zauna a kawo miki faranti, akwai wuraren da ke yin hakan, kuma babu laifi a gwada sau ɗaya. Yawanci ranar Asabar da Lahadi ne, daga wajen ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 3, da farashi guda wanda a Paris yakan kama daga kusan yuro 25 zuwa 40 ga mutum ɗaya, kuma sau da yawa sai an kama wuri tun kafin ranar. Za a kawo abin sha mai zafi, matsattsen ruwan lemo, kwandon burodi da kurwasan da bota da jam, sannan ƙwai da kifi ko nama, a rufe da abin zaƙi, wani lokaci pain perdu, wato burodin jiya da aka jiƙa a madara da ƙwai aka soya a bota. Ki kula da mimosa, domin ruwan lemo ne da giyar shamfen. Shagunan Le Pain Quotidien masu dogon teburin katako da kowa ke zama tare, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka na Faransa ne, daga Brussels ta Beljiyam suka faro a 1990. Ma'aunina a irin waɗannan wurare shi ne kwandon burodi. Idan burodin da kurwasan ɗin na kirki ne, to kuɗinki bai tafi a banza ba, idan kuwa sun yi laushi sun huce, to kujera da adon faranti kika biya.

Abin da na fi so miki shi ne ki haɗa naki kalacin. Ki sayi tradition guda, kurwasan da pain au chocolat gwargwadon yawanku, da yankan quiche ta kifi wadda za a ɗumama miki idan kin nema, ki biya ta shagon cuku ko kasuwar unguwa ki ƙara bota mai gishiri da cukun Comté da 'ya'yan itace, sannan ku zauna a masauki ko a kan kujerun lambun shaƙatawa na Luxembourg da ke cikin Paris. Kuɗin ba zai kai rabin na zaman gidan abinci ba, kuma komai da ɗuminsa. A cikin shagon, ki fara da bonjour kafin kowace magana, domin wanda ya tsallake gaisuwa a wurinsu ya yi rashin ladabi, ki bi layi, kada ki taɓa kaya da hannu, ki yanke shawara tun kina layi saboda na bayanki suna sauri. Za a tambaye ki sur place ko à emporter, wato a nan za ki ci ko tafiya za ki yi da shi, kuma a wasu wuraren farashin ya bambanta, domin harajin burodi da kayan fulawar da aka tafi da su kashi 5.5 ne, na ci a wurin kuma kashi 10. Idan kika ce un café, ɗan ƙaramin kofi baƙi mai ƙarfi za a ba ki, mai madara sunansa café crème. Ladan hidima yana cikin farashi, tukuici ganin dama ne.

Game da sana'arki, abin da zai fi wahalar ɗaukowa zuwa Kano shi ne kurwasan, kuma dalilin zafin gari ne, tunda bota tana narkewa ƙasa da zafin da ake yi a watannin Maris zuwa Mayu. Idan kina son gwadawa, ki fara a lokacin hunturu, da asuba, ki sanyaya kwaɓi da bota da muciyar murji da ma faifan da za ki yi aiki a kai, ki riƙa mayar da kwaɓin firji na aƙalla rabin awa bayan kowane ninki, kuma ki yi amfani da bota ta madarar shanu mai tauri, domin man shanun da aka soya ruwansa ya ƙone kuma ba ya shimfiɗuwa, majarin mai laushi na shafa burodi kuma zai shige cikin kwaɓin. Brioche, flan, ƙananan kek ɗin madeleine da kwaɓin éclair ba su da wannan wahala, kuma za su yi kyau a obanki na gida. Kafin ki baro Paris, ki shiga shagon E. Dehillerin da ke unguwar Les Halles, wanda ke sayar da kayan aikin girki tun 1820, ki sayi sikeli mai auna giram da ma'aunin zafin oban, domin duk haɗin Faransawa da nauyi ake auna shi ba da kofi ko gwangwani ba. Ki sayi kurwasan daga shaguna daban-daban, ki yanka kowanne gida biyu da wuƙa mai haƙora, ki ɗauki hoton cikinsa, domin da waɗannan hotuna za ki riƙa gwada naki idan kin fara.